Wa Zai Sayi Man Janareta? Yadda Kuɗin Taimako Ke Aiki a Fagge da Sabon Gari

A 1911 layin dogo ya iso Kano, ya riƙa sauke akawuna da kafintoci da 'yan kasuwa daga Legas da sauran garuruwan Kudu, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Turawan mulki ba su so baƙin nan su zauna cikin ganuwa ba, sai aka yanka musu Sabon Gari kusa da tasha. Fagge kuwa da ma tsohon zango ne na Buzaye da fatake, daga baya 'yan Labanan da Siriya suka kafa kantuna a gefenta. Unguwanni ne da jama'a ta riga hukuma isowa, shi ya sa tun farko makaranta da magani a nan suka jingina da aljihun masu bayarwa. Kusan kowane irin kuɗin taimako da ake da shi a ƙasar Hausa an gwada shi a wannan yanki, kuma kowanne da ƙa'idarsa da inda ƙarfinsa yake ƙarewa.

Mafi tsufa a Sabon Gari shi ne karo-karo. Ƙungiyar Ibo ta ɗora wa 'ya'yanta kuɗin wata-wata ta gina makarantu, Yarabawa Musulmi suka yi haka a ƙarƙashin Ansar-ud-Deen, coci-coci ma suka buɗe nasu. Amfanin wannan tsari shi ne mai bayarwa shi ne uban ɗalibi. In malami ya yi fashi, wanda ya biya albashin zai ji labari tun kafin magariba. Rauninsa kuma ya bayyana a 1966, lokacin da rikici ya kori dubban mutanen Gabas daga Kano: masu biyan suka tafi, ginin ya rage.

Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1943, wani salo ne. Ya haura shekara 80 yana aiki, marasa lafiya na zuwa masa daga jihohin Arewa har da Nijar. Asibiti irin wannan yana tsayawa ne da ƙafa biyu. Mara lafiya yana biyan wani abu, wanda da shi ake albashi da wuta da ruwa, ƙungiyoyin waje kuma suna kawo na'ura mai tsada ko su horar da likita. In taimakon waje ya yi jinkiri, ƙofa ba ta rufuwa. Sai dai wanda ba shi da ko sisi yakan tsaya a bakin ƙofar, in ba an ware masa wani asusu ba.

Wannan mutumin shi zakka take nema. Duk wanda kuɗinsa ko hajarsa ta kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinare, ta kuma shekara a hannunsa, zai fitar da kashi ɗaya cikin arba'in. Mutum ya tsaya a Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya ƙiyasta dukiyar da ke juyawa, zai san ba ƙaramin abu ba ne. Amma zakka tana da iyaka da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu karɓa, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, ana damƙa ta ne ga mutum ta zama mallakarsa. Za ta biya wa matar da aka yi wa tiyata kuɗin aiki, za ta sauke wa magidanci bashi, amma mafi yawan malamanmu ba su yarda a gina asibiti ko a sayi janareta da ita ba. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, duk da haka yawancin attajirai sun fi son su raba da hannunsu. Nan ne nake da ƙorafi. Zakkar da za ta iya zama jarin mutum goma, su kama sana'a su daina karɓa, sai a tsinka ta ga mutum dubu a layi a ƙofar gida, kowa ya sami na cefanen kwana biyu.

Sai manyan gidauniyoyi, irin ta Aliko Dangote da aka kafa a 1994, ko ASR Africa ta Abdussamad Isyaka Rabi'u da ta fara a 2021. Gidauniya ta sosai takan ajiye jari ta riƙa kashe ribarsa, ta kuma ba da kuɗi bisa yarjejeniya: aiki kaza, cikin shekara kaza, a kawo rahoto. Abin da ya fi jan hankalin mai bayarwa, a Kano da ko'ina, shi ne gini, domin gini ake gani, a kansa ake rubuta suna. Bayan an yi bikin buɗewa ne ainihin kashe kuɗi yake farawa: albashin nas da ungozoma, man janareta, sinadarin gwajin jini, gyaran famfo. Waɗannan kullum ake bukatarsu, kuma ba a kiran 'yan jarida a kansu. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa da dussar kowace rana su ne wuya.

Akwai yarjejeniya guda da ta fuskanci wannan matsala gaba da gaba, kuma ta cancanci a dube ta da kyau. A 2012 gwamnatin Kano da Gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates suka sa hannu kan allurar rigakafin yara. Ba gini suka yi ba. Asusu ɗaya aka buɗe, kowa ya zuba kasonsa, kuma sai gwamnati ta fara zuba nata sannan gidauniyoyin su sa nasu. An tsara cewa kason gwamnati zai riƙa hawa kowace shekara, na masu taimako yana sauka, har nauyin ya koma wuyan jiha gaba ɗaya. Kuɗin suna tafiya ne a kan ƙananan abubuwa: firjin ajiye allura, motar da za ta kai ta, kuɗin zirga-zirgar ma'aikaciyar da za ta shiga lungu. Daga baya aka yi irin wannan tsari da Bauchi, Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe. Rabon da a sami cutar shan inna ta asali a Kano tun 2014, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Kuɗi kaɗai bai kawo wannan nasara ba, kuma mutanen Fagge sun fi kowa sanin dalili. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke yankinsu, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 zuwa 2004, wannan labari yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi. Sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga gida-gida kafin uwa ta sake miƙa ɗanta ga mai ɗigon magani.

Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumar USAID a farkon 2025, an ga hatsarin dogara da aljihun nesa, wanda zaɓen wata ƙasa kan iya rufewa. Abin takaici shi ne muna da tsarin da aka yi shi musamman don kuɗin yau da gobe, ba mu ba shi muhimmanci ba, wato wakafi. Mutum ya tsayar da kadara, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta ne kawai ake kashewa. Da irinsa jami'ar Azhar ta Masar ta rayu ɗaruruwan shekaru. Mu a nan wakafinmu ya fi yawa a masallaci da rijiya da maƙabarta, waɗanda su ma kulawa suke nema, ba kuɗi suke kawowa ba. Shago guda a Kwari ko a kasuwar Sabon Gari, in aka yi wakafinsa ga wani asibitin sha-ka-tafi na unguwa, hayarsa za ta riƙa shiga kowace shekara ko mai bayarwa ya rasu. Abin da yake bukata shi ne takarda a rubuce da shaidu don kada magada su tayar da magana, da amintattu fiye da ɗaya masu kula da shi, da lissafin shiga da fita da za a liƙa a bangon asibitin inda duk mai zuwa awo zai iya karantawa.