Jita: Mai Tsirkiya 6 Ko Mai 12?

Saurayin da ya tara 'yan kuɗinsa a Ikko zai sayi jita, to ya tsaya ya ƙirga tsirkiya tukuna. Mai 12 bibbiyu aka ɗaura mata, shi ya sa amonta kan cika ɗaki sai ka ce mutum biyu ke kaɗawa. Da ita Lead Belly na Amurka ya yi suna kafin rasuwarsa a 1949.

Amma fa tana cin yatsun ɗan koyo, ga ɓata lokaci wajen saiti. Danshin kurmi kuma kan sa tsirkiya tsatsa, sai a sake sayen 12 cur. Marigayi Ɗan Maraya Jos ma guda ɗaya ce a kuntiginsa. Ɗan koyo ya fara da mai 6, kuma ya duba wuyanta da kyau kada a sayar masa da tanƙwararriya.