Caji: kalma guda daga shagon waya zuwa gaban alƙali

Kalmar caji na cikin kalmomin Ingilishi da suka zauna a bakin Hausawa har aka daina jin baƙuncinsu. Mai wayar salula yana kai ta caji, makanike yana cajin mai mota kuɗin aiki, wanda 'yan sanda suka kama kuma a ce an kai shi caji ofis.

Duka ukun daga kalmar charge suka fito. Biyun farko ba su da wata illa idan an yi musu gurguwar fahimta, amma ta ukun tana iya shafar mutuncin mutum da 'yancinsa.

Masana tarihin harsuna sun nuna cewa Ingilishi ya aro kalmar ne daga tsohon Faransanci a ƙarni na 13, shi kuma ya gaje ta daga kalmar Latin carricare, wato ɗora kaya a kan keken da dabba ke ja. Daga wannan tushe ne kalmomin car da cargo suka fito.

Wanda ya riƙe wannan ma'ana ta ɗora kaya ba zai sha wahalar gane sauran ba, domin Hausa ma haka take yi. Ana ɗora wa mutum nauyi, a ɗora masa haraji, a ɗora masa laifi. Bature yana amfani da charge a dukkan waɗannan wurare, kuma wanda aka ce yana in charge shi ne wanda nauyin wuri ke wuyansa.

Cajin batir ya biyo ta hanyar ɗura abu ne. Turawa sun daɗe suna amfani da kalmar wajen ɗura wa bindiga albarushi, sannan a shekarun 1740 Benjamin Franklin na Amurka ya yi amfani da ita a gwaje-gwajensa na lantarki. Wannan ma'ana ta cika gari a Najeriya bayan zuwan wayar salula a 2001, inda ƙarancin wuta ya mai da cajin waya da janareta sana'a mai zaman kanta.

A fagen shari'a kuwa, tarihin kalmar a Arewa ya ratsa ta Kongo, a Tudun Wadan Zariya. A nan ne aka buɗe makarantar horas da akawuna a 1947, wadda ta zama Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki a 1954, kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Har yanzu a wannan haraba tsangayar koyon aikin lauya ta jami'ar take.

Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kawo dokokin Final Kod, waɗanda suka fara aiki ranar 30 ga Satumban 1960, a Kongo aka riƙa tara alƙalan kotunan En'e ana koya musu sabon tsarin. Mutane ne da suka yi karatun fiƙihun Malikiyya da Larabci, suka saba da mai ƙara ya zo da da'awarsa ya kawo shaidu. Sai ga tsari, wanda aka kwaikwayo daga na Sudan da Indiya, da ke buƙatar a rubuta wa wanda ake ƙara caji, a ambaci laifin da sashen dokar da ake cewa ya karya.

A ƙarƙashin dokar bin matakan shari'ar laifuka ta 1960, abin da 'yan sanda ke kai wa kotun majistare shi ne takardar rahoton farko, wadda aka fi sani da FIR. Alƙali ne ke tsara cajin daga baya, idan ya saurari shaidun masu gabatar da ƙara ya ga akwai abin da mutum zai kare kansa a kai. Jihar Kaduna ta sake fasalin waɗannan dokoki a 2017, amma bambancin da ke tsakanin kamu da caji da hukunci yana nan daram.

Ke nan wanda ke tsare a caji ofis ba a ma caje shi ba tukuna, balle a ce an same shi da laifi. A nan ne fassarar gaggawa kan yi ɓarna. Idan rahoton Ingilishi ya ce an yi charging wani da kisan kai, daidai shi ne a ce ana tuhumarsa. Mai fassarar da ya ce an kama shi da laifin kisa ya riga alƙali yanke hukunci, kuma mai sauraro a ƙauye ba shi da hanyar sanin cewa kuskure ne.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yi magana a kan wannan. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da shi, dole ne a bayyana masa tuhumar dalla-dalla cikin harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Sashe na 35 ya tanadi a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana guda idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Lauyoyi ma ba su tsira daga kalmar ba, don kuwa 'yan Najeriya sun laƙaba wa waɗanda ke jiran ƙananan shari'u a harabar kotun majistare sunan charge and bail, wanda ba yabo ba ne.

Hausa kuma ta ƙara wa kalmar abin da Ingilishi bai ba ta ba. Idan direba ya ce jami'an tsaro sun caje motarsa a hanyar Kaduna, yana nufin sun bincike ta ne, ma'anar da charge ba ta da ita a Turanci.