Yadda Masu Mulki Ke Raɗa Wa Zalunci Suna

Ya kai mai karatu, ka sani, mai mulki in ya ƙudura cin dukiyar talakansa ba ya fara miƙa hannu tukuna, sai ya fara neman suna mai daɗi da zai raɗa wa cin. In sunan ya zauna a bakin jama'a, to, ƙara ta mutu tun ba a kai ta gaban alƙali ba, gama ba wanda zai je ya ce an zalunce shi da gaisuwa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya lura da wannan a cikin Kitabul Farƙi. Littafin da Larabci yake, amma da ya zo kan al'adun sarakunan Haɓe sai ya riƙa kawo sunayen da Hausa, daidai yadda su sarakunan ke kiransu. Kuɗin da suka ɗora wa mutane ba da izinin Shari'a ba suna ce da su jangali, da kuɗin gari, da kuɗin salla. Abin da ake kai wa babba don a sami biyan bukata, gaisuwa. Naman da ake karɓewa wurin mahauta a kasuwa, tawasa. Dabbar fatake da aka kama aka ɗora mata kayan sarki ba da yardar mai ita ba, kamuwa. Dukiyar mamaci da sarki ya haɗiye, gado. Dubi wannan ta ƙarshe da kyau. Gado kalma ce ta Shari'a, wadda Alƙur'ani ya yanka rabonta, sai ga shi an ɗauke ta an lulluɓe ƙwace da ita. Aikin da Shehu ya yi shi ne ya ajiye kowane suna kusa da abin da yake ɓoyewa, don mai karatu ya ga su biyu a lokaci guda.

Ba a daɗe da jihadi ba ƙanensa Malam Abdullahi ya ga alamar tsofaffin halaye na komowa cikin jama'ar da ta ci nasara. Ransa ya ɓaci, ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsai da shi, a nan birni ya wallafa musu Liya'ul Hukkami. Jangali kuwa bai mutu ba.

Bayan rasuwar Shehu da shekara fiye da 130, wani Bature ɗan Ingila, George Orwell, wanda ya taɓa aikin ɗan sanda a Bama ƙarƙashin mulkin mallaka, ya fitar da wani littafin ƙagaggen labari a 1949, sunansa 1984. Ya siffanta wata ƙasa inda jam'iyya ɗaya ta mallake komai. Ma'aikatar da ke ƙirƙira ƙarya sunanta ta gaskiya, wadda ke shirya yaƙi sunanta ta zaman lafiya, gidan da ake azabtar da mutane kuwa na ƙauna. Aikin jarumin labarin shi ne gyara tsofaffin jaridu don su dace da abin da shugabanni suka faɗa yau. Abin da ya fi ban tsoro shi ne ƙamus. Malaman jam'iyya suna zaune kullum suna rage kalmomi, nufinsu a wayi gari wanda ya ji zafin zalunci ya rasa kalmar da zai faɗa, har ya rasa yadda zai yi tunaninsa a zuci. Sarakunan Haɓe sun canja wa abu suna, waɗannan so suke su shafe sunan ɗungum.

Littafinsa na 1945 ya fi kusa da mutanen ƙasar nan, domin Bala Abdullahi Funtuwa ya mai da shi Hausa a 1975 da sunan Gandun Dabbobi. Dabbobi sun kori Nomau mai gandu, suka rubuta dokoki bakwai a bango. Aladu suka hau mulki, Maitumbi ne babbansu, Karambana mai yi masa baki. Duk lokacin da aladu suka karya doka, sai a bi dare a ƙara mata 'yan kalmomi, da safe dabbobi su duba su zaci mantuwa ce tasu, don yawancinsu ba su iya karatu ba. Akwai wani tsohon jaki da ya iya karatu sarai, ya ga abin da ake yi, ya yi gum. Malamai ya kamata su daɗe a kan labarin jakin nan fiye da na aladun.

To, a komo birni. Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwa, ana koyar da rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa. Tun kafin nan attajiran Kurmi da ajami suke rubuta bashi da wasiƙun Gwanja, malamai da shi suke rubuta waƙoƙin wa'azi. Ba a hana ajami da doka ba. An dai mai da takardun En'e da na ofis zuwa sabon rubutu, aiki da albashi suka bi shi. Da aka zo shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa azuzuwan koya wa manya karatu, aka sa wa aikin suna Yaƙi da Jahilci. Aikin alheri ne, mutane da yawa sun amfana. Amma fa sunan ya yi ɓarna, don alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, in bai san abacada ba, ga inda sunan ya ajiye shi. Su ma mutanen gari ba su bar bashi ya kwana ba, suka ce da sabon ilmin boko, watau abin da ba na ainihi ba, irin amaryar boko da ake sakawa a madadin ta gaskiya. Masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Bahaushiya ce, ba daga sunan littafi da Turanci aka aro ta ba. Rigimar ba ta ƙare ba har wa yau: a 2007 an cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 daga ta naira 100, ya saura a kan 200 da 500 da 1000.

Babban gwagwarmaya a kan kalma kuwa ya zo da siyasa. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, Jam'iyyar Neman Sawaba, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya. Kalmar talaka a da ma'anarta wanda ake mulka kurum, ba shi da ta cewa. 'Yan Sawaba suka ɗauke ta suka mai da ita tuta. Abokan hamayyarsu na Jam'iyyar Mutanen Arewa suka riƙe Salama. Hukumar En'e ita ma tana da nata ƙamus. Mai sukar haraji an ce ya zagi sarki, wanda ya ƙi tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa an ce marar kunya ne, da irin waɗannan sunaye aka gurfanar da 'yan Sawaba da yawa gaban alƙalai, wasu aka ɗaure, wasu aka yi musu bulala. Kada mai karatu ya zaci ɓangare ɗaya ne kaɗai ya iya jifa da suna, don mawaƙan kowace jam'iyya sun yi zambo mai muni ga mutanen kirki na ɗaya gefen.

Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, shi ya fi kowa bin hanyar Shehu a wannan zamani. A waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya bai nemi a rushe sarauta ba. Gargaɗi ya yi wa sarakuna su gyara, yana tuna musu abin da ya sami sarakunan Indiya. Ya riƙa ɗauko kalmomin Larabci da almajirai suka sani yana auna mulkin ranar da su, abin da ya sa da wuya a ce masa ɗan boko ne ya zo da baƙon abu.

Jangali, wanda Shehu ya ambata da sunansa, ya wuce zamanin Haɓe, ya wuce na Fulani, Turawa suka same shi suka shigar da shi cikin littafin baitulmali, suka tafi a 1960 suka bar shi. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, almajirin Malam Aminu a siyasa, ya ba da sanarwar soke haraji da jangali a Jihar Kano.