Yadda Kamfanoni Ke Bin Salsalar Sinadaran Da Ke Cikin Kayan Da Suke Ƙerawa

Gabatarwa

Maƙerin gargajiya idan ya ƙera fartanya, ya san inda aka haƙo tama, ya san wanda ya narka ta, ya kuma san masassaƙin da ya kawo ƙota. Saboda haka duk aibin da ya fito a jikin fartanyar, ba a shan wahalar gano inda ya samo asali. A masana'antun zamani kuwa al'amarin ya sha bamban. Mota ko rediyo ko kwamfuta takan ƙunshi ɗaruruwa ko dubban ƙananan sassa, kowane sashe kuma wani kamfani ne dabam ya yi shi, shi ma ya sayo roba ko fenti ko ƙarfe daga wajen wani, wanin ma daga wajen wani. Wannan jerin hannuwa da kaya ke ratsawa kafin su haɗu su zama abu guda shi za a riƙa kira salsalar kaya a nan.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda manyan kamfanoni ke kula da sinadarai masu haɗari a tsawon wannan salsala, da dalilan da suka tilasta musu yin haka, da kuma wuraren da tsarin ke da rauni. Abin da za a nuna shi ne, kamfani ba ya iya hana guba shiga kayansa sai in bayanin abin da ke cikin kowane sashe yana tafiya tare da sashen daga hannu zuwa hannu.

Darasi Daga Holan

A ƙarshen shekarar 2001, dab da lokacin cinikin Kirsimeti, hukumomin ƙasar Holan suka hana kamfanin Sony na Japan sayar da na'urorin wasa na PlayStation kimanin miliyan 1.3. Dalili kuwa shi ne an gwada robar da ta lulluɓe wayoyin da ke haɗe da na'urorin, an tarar da sinadarin kadmiyum a cikinta fiye da yadda dokar ƙasar ta yarda, wato kashi 0.01 cikin ɗari. Waɗannan wayoyi sayo su aka yi daga wajen masu kawo kaya, kuma a cikin dukkan sassan na'urar suna daga cikin mafi araha. Duk da haka su suka tsayar da cinikin baki ɗaya, domin wake ɗaya ke ɓata gari.

Wannan asara ta sa kamfanin ya sake tsari. A shekarar 2002 ya fitar da nasa jerin sinadaran da ya haramta ko ya taƙaita, ya kuma kafa ƙa'idar cewa ba zai sayi sassa ba sai daga masana'antar da ya bincika ya amince da ita. Sauran kamfanonin kayan lantarki suka ɗauki darasi, domin sun ga cewa mai sunan da ke jikin kaya shi hukuma ke kamawa, ko da kuwa laifin wani ne can a ƙasan salsala.

Me Ya Kai Guba Cikin Kaya?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa tun farko ake zuba irin waɗannan abubuwa? Amsa ita ce kowannensu yana da aikin da yake yi, kuma yana da araha. Kadmiyum yana hana roba lalacewa da zafi, yana kuma ba da launin rawaya ko ja mai kyau. Dalma ana haɗa ta da kuza a narka a liƙa ƙananan sassan lantarki, ana kuma sa ta a fenti don ya yi haske ya daɗe. Zaiba ana amfani da ita a wasu fitilu. Wani nau'in kuromiyum kuma, wanda masana ke kira mai daraja ta 6, yana hana ƙarfe tsatsa.

Illarsu ga ɗan Adam kuwa sananniya ce. A jihar Toyama ta Japan, kadmiyum da ya malalo daga mahaƙar ma'adinai zuwa kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, ya lalata ƙoda da ƙasusuwan mutane. Ciwon ya yi tsananin da aka sa masa suna da kukan masu fama da shi, wato Itai-itai, gwamnati kuma ta amince da musabbabinsa a shekarar 1968. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010, inda gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinariya, ya isa shaida. Haɗarin bai tsaya ga mai amfani da kaya ba. Ya shafi ma'aikacin da ya haɗa su, da kuma wanda zai ƙona su a juji bayan sun mutu.

Dokokin Da Suka Matsa Wa Kamfanoni

Dokoki biyu na Tarayyar Turai su suka fi sauya yadda masana'antun duniya ke aiki, saboda girman kasuwar Turai ya sa ba mai son a rufe masa ƙofarta.

Ta farko ita ce wadda ake kira RoHS, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2006. Ta taƙaita sinadarai 6 a kayan lantarki: dalma, zaiba, kadmiyum, kuromiyum mai daraja ta 6, da wasu sinadarai 2 masu hana kaya kama wuta. Daga shekarar 2019 an ƙara wasu 4 da ake tausasa roba da su, jimla ta zama 10. Iyakar da aka sa ita ce kashi 0.1 cikin ɗari, ban da kadmiyum mai kashi 0.01. Wani muhimmin abu shi ne yadda ake awon. Ba a auna nauyin guba da nauyin rediyo duka, sai dai da nauyin ɗan abin da take ciki, misali robar waya ita kaɗai ko fentin maɓalli shi kaɗai. Ke nan ba a iya ɓoye ƙaramar guba a cikin babban kaya.

Ta biyu ita ce REACH, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, 2007, ƙarƙashin hukumar sinadarai ta Turai mai mazauni a Helsinki ta ƙasar Finlan. Wannan doka ta juya nauyin kawo hujja. A da hukuma ce ke fafutukar nuna cewa sinadari yana da illa. Yanzu duk kamfanin da ke yin wani sinadari ko shigo da shi har tan 1 a shekara, shi zai yi masa rajista ya kawo bayanin haɗarinsa, in babu bayani babu ciniki. Hukumar tana kuma riƙe da jerin sinadarai mafiya haɗari, wanda ya fara da guda 15 a shekarar 2008, yanzu kuwa ya wuce 200. Duk kayan da ɗayansu ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari a ciki, wajibi ne mai sayarwa ya sanar da kamfanin da ya saya, ko da ba a tambaye shi ba. Idan kuma mai saye na gama-gari ya tambaya, dole a ba shi amsa cikin kwana 45.

Matakan Da Kamfani Ke Bi

Kamfanin da ke son cika waɗannan sharuɗɗa yakan bi matakai huɗu. Na farko, yakan rubuta kundin ƙa'idarsa, ya kasa sinadarai kashi uku: waɗanda aka haramta ƙwata-ƙwata, waɗanda za a daina a wani lokaci da aka tsayar, da waɗanda aka yarda da su amma sai an bayyana adadinsu. Wannan kundi yakan shiga cikin yarjejeniyar ciniki da kowane mai kawo kaya.

Na biyu, yakan nemi bayani a rubuce game da abin da kowane sashe ya ƙunsa. Mai kawo waya ba zai iya amsawa ba sai ya tambayi mai roba, mai roba kuma sai ya tambayi mai launi. Tambaya tana gangarawa, amsa tana haurowa. Da farko kowane kamfani da irin takardarsa, har ƙananan masana'antu suka rasa yadda za su yi da yawan fom. Wannan ya sa aka kafa tsarin bai ɗaya. Kamfanonin mota sun buɗe rumbun bayanai na IMDS a shekarar 2000, inda mai kawo kaya ke shigar da bayanin sashensa a tsari guda da duk masu saye suka amince da shi. A Japan ma an fito da tsarin chemSHERPA a shekarar 2015 don wannan manufa.

Na uku shi ne gwaji, domin gani ya kori ji. Akwai na'urar hannu da ke haska sashe ta nuna ko akwai dalma ko kadmiyum ko zaiba cikin ɗan lokaci ba tare da an fasa shi ba; in an ga alamar shakka sai a kai ɗakin gwaji. Na huɗu shi ne ziyartar masana'antar mai kawo kaya a duba yadda take ajiya da yadda take raba kaya masu tsabta da marasa tsabta, tare da sharaɗin cewa ba za ta canza inda take sayen kayan haɗi ba sai da izini.

Inda Tsarin Ke Da Rauni

Wannan sharaɗi na ƙarshe akan karya shi, kamar yadda al'amarin kamfanin Mattel na Amurka ya nuna. A watan Agusta na 2007 kamfanin ya janye kayan wasan yara kimanin miliyan 1.5 masu tambarin Fisher-Price, waɗanda aka yi a ƙasar Sin, saboda dalma a fentinsu. Kamfanin yana da ƙa'ida, yana da jerin masu fentin da ya amince da su, amma fenti mai dalma ya shigo ta hannun ƙananan 'yan kwangila da ke ƙasa da waɗanda yake mu'amala da su. A shekarar 2008 Amurka ta yi sabuwar doka da ta rage dalmar da aka yarda da ita a fenti daga kashi 600 cikin miliyan zuwa kashi 90, a 2009 kuma Mattel ya biya tarar dala miliyan 2.3.

Akwai wasu matsaloli. Mai yin fenti ko gam ba ya son bayyana sirrin haɗinsa, don kada abokin hamayya ya kwaikwaya. Ƙaramar masana'anta kuma sau da yawa ba ta da masanin da zai cike takardu, sai ta sa hannu a kan abin da ba ta auna ba. Sauya sinadari ma yana da tsada. Haɗin kuza da dalma yana narkewa a zafin digiri 183, wanda ya maye gurbinsa kuwa, na kuza da azurfa da jan ƙarfe, sai wajen digiri 217, don haka sai da aka sake injuna da wasu sassan da ba sa jure zafi. Bugu da ƙari, akan maye gurbin sinadarin da aka haramta da ɗan'uwansa wanda ba a gama bincike a kansa ba, daga baya a tarar shi ma yana da illa.

Abin Da Ya Shafi Majemun Kano

Wannan batu ya taɓo ƙasar Hausa ta hanyar fata. Fatun awaki da tumaki da ake jemewa a masana'antun Challawa da Sharaɗa a Kano suna tafiya Turai, musamman Italiya da Sifen, a mayar da su takalma da jakunkuna. Majemin gargajiya da bagaruwa yake jima, masana'antu kuwa galibi da gishirin kuromiyum mai daraja ta 3, wanda haɗarinsa kaɗan ne. Amma in ba a kula da aiki ba, zafi da hasken rana da wasu mayukan da ake tausasa fata da su sukan juya wani abu daga cikinsa ya koma mai daraja ta 6, wanda ke haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje a jiki. Tun daga watan Mayu na 2015 Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki in wannan sinadari ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Akwai kuma takunkumi a kan wasu rinayen da ke sakin sinadarai masu jawo ciwon daji. Ke nan mai yin takalmi a Italiya dole ya tambayi majemar Kano, ita kuma ta tambayi wanda ya sayar mata da rini da mai. Majemar da ba ta da amsa tana iya rasa mai saye, komai kyan fatarta.

Kammalawa

An ga yadda waya mai araha ta tsayar da cinikin Sony, da yadda fentin ɗan kwangila ya jawo wa Mattel tara. A duka biyun gubar ta shigo ne ta wurin da kamfani bai sa ido ba. Kundin ƙa'ida da takardun bayani da gwaji da ziyara duk hanyoyi ne na toshe wannan kafa, kuma ɗaya ba ya wadatarwa in babu sauran. Ga masana'antun Nijeriya masu son sayar da kaya a waje, abin da ya rage shi ne su tanadi ɗakunan gwaji da ma'aikatan da suka san sinadarai, su kuma saba da rubuta asalin duk abin da suka zuba a tukunyar aiki, domin mai saye na yau yakan nemi wannan bayani tun kafin ya yi tayi.