Hawainiya Mai Ƙaho Huɗu

Bahaushe ya san hawainiya da nawa da rikiɗa, har yakan gargaɗi mutum da cewa hawainiyarsa ta kiyayi ramarsa. Sai dai kalmar ɗaya ce, dangin kuwa suna da yawa. Cikinsu akwai wadda ba ta rayuwa sai a dazuzzukan kan duwatsu masu sanyi da hazo, kamar Kupe da Manenguba da tsaunukan Bamenda a Kamaru, da tudun Obudu a Nijeriya. Masani Bajamushe Gustav Tornier ne ya fara bayyana ta a 1899. Sunanta na kimiyya Trioceros quadricornis, wato mai ƙaho huɗu.

Namijin ne ke da cikakkun ƙahonin a kan hanci, da wani zanko mai faɗi a gadon baya da gindin wutsiya.

Abin lura shi ne, kowane dutse tamkar tsibiri yake a gare ta, domin ba ta jure zafin gangare. Saboda haka, in manoma suka sare dajin, ba ta da wata mafaka. Ga kuma fatake masu kama ta suna kaiwa Turai da Amurka don masu kiwon sha'awa. Waɗannan dalilai biyu suka sa masana suka lissafa ta cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu.