Sallamar Majinyata Daga Asibiti Zuwa Gidajen Tsofaffi a Lokacin Annoba: Abin da Ya Faru a Ingila

A ƙasar Ingila akwai gidaje na musamman inda ake ajiye tsofaffi waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ba sa iya ɗawainiyar kansu. Ma'aikata ne ke yi musu wanka, su ciyar da su, su ba su magani. Galibin waɗannan gidaje ba na gwamnati ba ne, kuma ba asibitoci ba ne, watau babu likita da ke zaune a cikinsu dare da rana.

Sa'ad da annobar korona ta kunno kai a 2020, sai hukumomi suka ji tsoron kada asibitoci su cika su batse, kamar yadda aka gani a arewacin Italiya. Saboda haka, ran 17 ga Maris aka umarci asibitoci su hanzarta sallamar duk wanda ya sami sauƙi, domin a samar da gadaje. Ran 2 ga Afrilu gwamnati ta fitar da ƙa'ida cewa ba tilas ne a auna mutum a tabbatar ba ya da cutar kafin a kai shi gidan tsofaffi ba. Sai ran 15 ga Afrilu aka yi shelar cewa za a riƙa auna kowa. Ofishin binciken kuɗin ƙasar ya ƙiyasta cewa a tsakanin 17 ga Maris da 15 ga Afrilu an sallami mutum wajen 25,000 zuwa waɗannan gidaje.

To, ina haɗarin yake? Ita wannan cuta mutum kan ɗauke ta ya yaɗa alhali ba ya tari, ba ya zazzaɓi, kuma takan yi har kwana 14 kafin ta bayyana. A gidan tsofaffi kuwa ana cin abinci tare, ma'aikaci guda yana shiga ɗaki bayan ɗaki, ga kuma ƙarancin takunkumi da safar hannu a lokacin. Bincike daga baya ya nuna cewa sallama ba ita kaɗai ce ƙofar da cutar ta bi ba. Ma'aikata masu kai da kawowa tsakanin gidaje su ma sun shigar da ita ba da saninsu ba.

Ran 27 ga Afrilu, 2022, Babbar Kotu a Landan ta yanke hukunci a ƙarar wasu mata biyu waɗanda iyayensu maza suka rasu a irin waɗannan gidaje. Ta ce ƙa'idojin Maris da Afrilu sun saɓa wa doka, domin ba a yi la'akari da masu yaɗa cuta ba tare da alama ba, ba a kuma ba da shawarar keɓe su kwana 14 ba.

Darasin da ke nan shi ne, awo kaɗai bai isa ba, tun da yana iya kuskure wanda ya kamu jiya. Wajibi ne a haɗa shi da keɓewa, a sanar da gidan halin da majinyaci yake ciki, a ba ma'aikata kayan kariya, sa'an nan a tsayar da kowane ma'aikaci a gida ɗaya. Inda gida ba shi da ɗakin keɓewa, to sai a nemi wani wuri tukuna kafin a yi sallama.