Yadda Ake Tanƙwara Itace a Yi Ƙaramin Tebur

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samarinmu suke ɗaure kaya su tafi cin rani, gama babu aikin da zai kawo kuɗi a gida. A wannan fitowa muna so mu nuna muku wata sana'a da ƙungiya za ta iya yi da rassan itatuwan da ke gonakinmu. Ita ce yin ƙaramin tebur mai tanƙwararrun ƙafafu, irin wanda ake ajiyewa a gefen gado ko kujera domin fitila, rediyo ko kofin ruwa. Mun gwada shi a Dandin Mahe, cikin Ƙaramar Hukumar Shagari a Jihar Sakkwato, tare da wani kafinta na garin.

Me ya sa za a tanƙwara?

Itace yana da jijiyoyi da suka miƙe daga gindi zuwa sama. In kafinta ya zana baka a kan faffaɗan katako ya yanke da zarto, ya datse jijiyoyin ke nan, kuma wurin lanƙwasar shi ne zai fara karyewa. Ga kuma asarar katako, ga tsadarsa. Amma in aka tanƙwara sanda, jijiyoyinta suna bin lanƙwasar daga farko har ƙarshe. Saboda haka siririyar sanda takan ɗauki nauyin da ba a zata ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu suna gasa sanda a wuta su miƙe ta ko su lanƙwasa ta, suna kuma yin gado da kujeru da tsaikon ɗaki da geza. Abin da muka ƙara kawai shi ne tururi. A ƙasar Turai wani kafinta mutumin Jamus, Michael Thonet, ya shahara da wannan dabara. A shekarar 1859 ya fitar da wata kujera da ake kira Lamba 14, wadda aka haɗa da itace guda 6 kawai. Kafin 1930 an sayar da wajen miliyan 50.

Wane itace?

A nemi ɗanyen reshe miƙaƙƙe, marar ƙulli, marar rami, kaurinsa kamar na babban yatsa, kada ya wuce inci 1. Geza da magarya da dargaza suna da sauƙin lanƙwasa. Sababbin rassan dogon yaro da suka toho bayan an yi masa aski su ma a gwada su, ko da yake sun fi son a bi su a hankali. Busasshen itace da katakon kasuwa sukan karye.

Kada a sare itace daga gindi domin wannan aiki. Reshe ake ragewa. Manoman ƙasar Maradi, tun daga wajen 1983, suka koma barin kututture ya toho a gona, su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bari, su rage sauran. Ta haka gonakinsu suka sake cika da itatuwa. Irin rassan da ake ragewa ɗin nan su muke bukata.

Kayan aiki

Sanduna 2 masu tsawon ƙafa 4 da rabi domin ƙafafu, amma a yanko 6 saboda wasu za su karye. Gajerun sanduna 4 domin ɗaure ƙafafu. Katako 2 masu kaurin inci 1 da kwata, tsawon inci 14. Katakon sama, inci 16 kowane gefe. Sai babbar tukunya, langalanga, igiya, tsummoki, sukuru, da tsohon wilin mota mai faɗin kamar inci 14, wato ƙarfen da ake sa taya a jikinsa.

Ga yadda ake yi

1. A ɓare bawon sandunan, a kankare su su yi sumul.

2. A haɗa dogon akwati na katako, tsawon ƙafa 5, faɗi da zurfi inci 5. A huda ƙasansa a tsakiya, a ɗora shi a bakin tukunya, a liƙe mahaɗar da tsumma, kamar dai yadda mata suke yi wa madambaci. A toshe bakin akwatin da tsumma, amma a bar ƙaramar kafa inda tururi zai riƙa fita. Kada a toshe shi ruf.

3. In ruwa ya tafasa, tururi ya cika akwati, a sa sandunan a kan 'yan tsinkaye domin tururi ya zagaye su. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce awa 1 ga kowane inci 1 na kauri. Ɗanyen itace yakan yi laushi kafin haka. Kada wuta ta ragu, kada ruwa ya ƙone. In za a ƙara ruwa, a ƙara mai zafi.

4. Kafin nan a kafe wilin a ƙasa da turaku, a naɗe shi da tsumma domin kada ƙarfe ya baƙanta itacen.

5. Mutum biyu su naɗe hannu da tsumma, su zaro sanda ɗaya. A shimfiɗa langalanga a bayanta, a ɗaure tam a bakin nan biyu. A sa tsakiyar sandar a jikin wili, kowa ya ja nasa gefen a hankali ba tare da tsayawa ba. Ba ku da fiye da minti 1 kafin ta huce. A sa ƙafafun su ɗan matso juna fiye da yadda ake so, gama itace yakan ɗan koma baya in an sake shi.

6. A ɗaure ƙafafun biyu da igiya. Washegari a cire daga wili, amma a bar igiyar. A ajiye a inuwa mako 3. Rana da iskar hunturu suna tsaga itace in ya bushe da gaggawa.

7. In bakunan sun bushe, a tsayar da su suna fuskantar juna, inci 12 tsakaninsu, lanƙwasar tana sama. A yanke ƙafafu daidai, tsayi inci 19. A ɗaure su da gajerun sanduna 4, inci 5 daga ƙasa, ta kowane gefe. A gitta katakon nan 2 a kafaɗun bakunan, inci 4 daga tsakiya dama da hagu, sa'an nan a ɗora katakon sama a kansu. A riƙa huda wuri tukuna kafin a sa sukuru, in ba haka ba sandar za ta tsage.

8. A goge, a shafa banish ko fenti, har da ƙasan ƙafafu saboda gara.

Kuskuren da muka yi

A gwajinmu na fari yawancin sandunan sun karye. Laifinmu ne. Mun kafa wilin nesa da murhu, kafin mu isa sanda ta huce. Mun kuma raina langalanga. Ga dalilin amfaninta: in itace ya lanƙwasa, cikinsa yana matsewa, bayansa yana miƙewa. Itace mai zafi yana jure matsi ƙwarai, amma ba ya jure ja. Langalanga ce take riƙe bayan kada ya tsinke. Da muka matso da wilin kusa da wuta muka ɗaura ta, aiki ya yi kyau.

Gargaɗi

Tururi ya fi ruwan zafi ƙuna. A kawar da yara, kada kowa ya kai fuska bakin akwati. Kada a yi amfani da garwa ko duro da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki.

Shawara ga ƙungiyoyi

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwati ɗaya da wuta ɗaya sun isa turara sanduna da yawa, saboda haka a sa rana guda a taru: wasu su yanko, wasu su kula da wuta, wasu su tanƙwara. Kafin ku yi da yawa, ku yi tebur biyu ku kai kasuwar Shagari ko ta Boɗinga ku ji abin da za a taya. Ku rubuta kuɗin katako da sukuru da banish da itacen wuta, ku ga ko akwai riba. In akwai, ku ware wani abu domin dasa itatuwa da damina, gama reshen da za ku tanƙwara baɗi yana jikin itacen da kuka raya bana.

Ƙungiyar da ta gwada wani irin itace dabam, ta aiko mana da labari domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba da sa'a.